Shekarar da Filbahrin Inna Bai Yi Fure Ba

Bursa, 9 ga Afrilu, 1994

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata, Feride,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Yaya Orhan da yaran duka. Yaya bayan naki? Kin ce tsayuwar masana'anta ta fara cin ƙugunki. Don Allah ki je a duba ki, kada ki ɗauko halin Inna na gudun likita. Sanyin Jamus fa, ya sake ku?

Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙanƙarar kan dutsen Uludag ta fara ja da baya, itatuwan unguwa duk sun yi toho. Inna tana cin abinci, musamman idan na dama mata miyar tarhana na ba ta da zafinta. Mantuwar ce dai kullum gaba take yi. Shekaranjiya na tarar da zaitun cike da takalminta na fita unguwa, ta ce ajiya ta yi saboda baƙi. Har yanzu da sunanki take kirana, ni kuma ina amsawa.

Yaya, abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne wasiƙar da kika aiko wa maƙwabcinmu Baffa Remzi. Da ma kin tambaye ni kafin ki rubuta. Na san ranki ya ɓaci ran ƙaramar sallah, da Inna ta ce miki a waya an yanke mata filbahri, itacen furen nan nata, ni kuma na karɓi wayar na ce Baffa ne ya sare shi garin gyaran katanga. Na san matsayin itacen nan a wurinki. Ke aka rungumo a hannu ɗaya, shi kuma a ɗaya hannun cikin gwangwanin cuku, ranar da su Inna suka baro Bulgariya. Ni a labari kawai na ji. Shekara arba'in da uku yana ƙarƙashin tagarta, har ya fi ƙofar gida tsawo. Amma Yaya, mutumin nan tsoho ne, shekararsa saba'in da takwas, kuma tun rasuwar Baba shi yake ƙwanƙwasa mana ƙofa kowace safiya da burodi mai riɗi. "Marar imani" da "maci amanar maƙwabtaka" sun yi masa nauyi.

Ga yadda aka yi na san abin da kika rubuta. Ran Talata ya shigo da ambulan a hannu, ya ce, "Nermin 'yata, ga takarda daga Jamus. Kin san yanar idon nan ta raba ni da ƙananan rubutu. Karanta min in ji da me Feride ta tuna da ni."

Na buɗe, idona ya sauka kan layin farko, sai na ga zagi ne. Inna tana zaune tana kallonmu. Ban karanta masa abin da ke ciki ba. Na ce kina gaishe shi, kina tambayar hawan jininsa, kina gode masa da ɗawainiyar da yake yi da mu. Har na ƙara da cewa za ki aiko masa da hular ulu. Ya saurara har na kai aya, kansa a sunkuye.

Ya ce, "Iyakarta ke nan?"

Na ce iyakarta ke nan.

Ya ce, "Shafi biyu cur, amma ta ƙare da wuri. Allah ya yi mata albarka." Ya ninke takardar ya sa a aljihu ya fita, shayinsa ko kurɓa bai yi ba.

Tun daga ranar sai dai ya rataye burodin a mariƙin ƙofa ya wuce. Don Allah kada ki sake rubuta masa, kada kuma Yaya Orhan ya kira shi. A bar maganar a nan.

Itacen bai mutu ba. Kin san taurin ransa. Shekarar da ƙanƙara ta kashe ɓauren Baba, shi ko gezau bai yi ba. Kututturan sun kai gwiwa, kuma sabon toho ya fara leƙowa daga gindinsu, na ƙirga goma sha ɗaya. Na zuba masa takin tumaki, na sassauta masa ƙasa. Sai dai bana ba zai yi fure ba, don a jikin rassan bara yake fitar da shi, rassan baran kuwa sun zama toka. Ban faɗa wa Inna ba. Kullum da hantsi sai ta leƙa ta taga ta ce, "Bana ya yi nawa."

Ni ma ba na jin daɗin raina kwanakin nan, amma ba ciwo ba ne. Ki sa ni a addu'a.

Ina sumbatar hannunki da na Yaya Orhan, yara kuma idanunsu.

Ƙanwarki,
Nermin

Bursa, 5 ga Yuni, 1994

Yayata Feride,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kun yi babbar sallah lafiya, Allah ya maimaita mana. Yaya Yaya Orhan da yara? Kwalin da kika aiko ya iso. Rigar ta yi wa Inna cif, man shafawar kuma ya taimaki hannuwana, na gode. A can ƙasa na ga hular ulu da 'yar takardarki: "Tunda kin yi alkawari da sunana, ga ta nan, amma ban yafe masa ba." Tana cikin akwatina, ban kai masa ba.

Unguwa duk ta ɗauki ƙamshi, filbahrin kowa ya buɗe. Kin tuna yadda namu yake yi: fari fat daga sama har ƙasa, rassa su sunkuyo don nauyi, ƙamshin nan irin na furen lemo ya tare mutum tun daga bakin titi. Inna ta ɗauki almakashi ta rarraba wa maƙwabta, ta kai dami guda kabarin Baba. Bana ganye ne kawai.

Ran Alhamis Inna ta ɓace. Ina kan keke ina ɗinke bakin tawul-tawul ɗin da zan mayar kanti, ban ji buɗe ƙofa ba. Awa biyu ina zaga lunguna kamar mahaukaciya. Baffa Remzi ne ya gano ta, can bayan masallaci, a farfajiyar wasu mutane da ba mu sani ba. Ta rungume filbahrinsu tana kakkarya rassa, matar gidan tana ta ihu. Da na iso na ji Inna tana cewa, "Na uwata ne! Ku tambayi kowa a ƙauyen nan!" Baffa ya ba matar haƙuri, ya ce, "'Yar'uwa, bar mata, Allah ya dasa miki wanda ya fi shi a aljanna." Ya riƙo hannunta har gida. Ni kuwa abin da ya ce min kawai shi ne, "Ki rataya wa ƙofar nan ƙararrawa."

Da muka shigo sai ta tsaya a kan kututturan, ta daɗe tana kallonsu, sannan ta fashe da kuka. Ta ce, "Ni na kashe shi. Uwata ta ce in riƙa jiƙa shi a jirgin ƙasa, ni kuwa na ba jaririya ruwan duka. Yanzu me zan ce mata?" Yau kwana uku ke nan tana nanata wannan magana. Abinci sai cokali biyu ta ture.

Yaya, ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta sauran.

Ba Baffa Remzi ba ne. Ni ce na sare shi.

Ran sha bakwai ga azumi ne. Da safe na yi mata wanka, na wanke zanin gado karo na biyu, yatsuna duk sun tsattsage. Da azahar Muzeyyen, matar mai gidan burodi, ta shigo gaishe ta. Ina bakin ƙofa na ji tana cewa, "Ai kin yi sa'ar 'ya, Inna Zehra. Nermin tana ƙoƙari."

Inna ta ce, "Wace Nermin? Wannan? 'Yar aiki ce Feride ta ɗauko min. Ga nauyin hannu, ga satar cokula. Ni 'yata ɗaya ce, tana Jamus."

Muzeyyen ta yi dariya don ta rufe zancen, ni ma na taya ta. Na san ciwo ne. Likita ya faɗa min, ni ma na faɗa wa kaina ya fi sau ɗari.

Bayan ta tafi na nemi Inna na rasa. A lambu na same ta, ba takalmi, tsaye cikin ƙanƙara, tana kakkaɓe wa filbahrin rassansa ɗaya bayan ɗaya. Ko ganye ɗaya babu a jikinsa, ƙirare ne tsirara. Tana ce masa, "Ka ji sanyi ko, ɗan lelena? Yi haƙuri, saura kaɗan." Yaya, shekara shida ina goge mata jiki, ko sau ɗaya ba ta yi min magana da wannan muryar ba. Ta manta sunana, ta manta fuskar Baba, amma ba ta manta itace ba.

Na shigar da ita, na gasa mata ƙafafu, na lulluɓe ta har barci ya ɗauke ta. Daga nan na je na ari zarto wurin Baffa, na ce icen murhu zan rage. Da azumi a bakina na durƙusa a gindinsa. Ba zan ce miki hankalina ya gushe ba, da haka ne da na samu abin fakewa. Rassa ashirin da wani abu, kowanne sai da na duba inda zan ɗora zarton. A tsakiya na gaji, na zauna na huta, na tashi na ci gaba. Da na gama na ji wani irin sanyi a raina, kuma ya zauna min har kiran magariba. Sai da aka sha ruwa na ɗauki zaitun ɗaya na kasa haɗiye shi.

Na yi ta gaya wa kaina wai don kada ta sake fita cikin ƙanƙara ne. Ƙarya nake yi. Haushin itace na ji, ni mai shekara arba'in da ɗaya. Da kika tambaya a waya kuma, sunan Baffa ne ya fara faɗowa bakina, don na ga kina nesa, na ɗauka ba zai taɓa ji ba. Ba tausayinsa ne ya hana ni karanta masa wasiƙarki ba. Kaina na rufa wa asiri.

Ga shi yanzu tsoho yana yawo da zagin da ba nasa ba, uwarmu tana kuka kan laifin da ba nata ba, ni kuma ina zuba wa kututture ruwa safe da yamma kamar shi ne zai wanke ni.

Ba na cewa ki yafe min yanzu. Ki dai cire mutumin nan daga cikin fushinki, ki sa ni a gurbinsa.

Ina sumbatar hannunki, idan har za ki miƙo min shi.

Ƙanwarki,
Nermin

Bursa, 24 ga Yuli, 1994

Yayata Feride,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida duka. Yaya zafi a wajenku? Nan kam kwalta har narkewa take. Mako bakwai ke nan ban ga amsarki ba. Ran Lahadi Yaya Orhan ne ya kira ya gaishe da Inna, ya ce kina wurin aiki. Ran Lahadi fa, Yaya. Ban ga laifinki ba. Zan dai ci gaba da rubutowa, ki karanta ranar da kika ga dama.

Na je wurin Baffa Remzi. Kwana goma ina ɗaukar hular nan ina ajiyewa kafin na iya tsallaka ƙofarsa. Na same shi yana ɗaure tumatir a jikin kara.

Na ce, "Baffa, na zo in karanta maka wasiƙar nan yadda take."

Bai ko juyo ba. Ya ce, "Ta Feride? Ai mai aski ya karanta min ita tun ranar da ta zo, a gaban mutum huɗu. 'Marar imani' ma sai da ya maimaita, wai rubutun bai fita ba."

Na ce, "To me ya sa ka kawo min?"

Ya ce, "Cewa na yi ko za ki samu bakin magana. Sai kika ɓuge da saƙa min hula."

Na ce masa ni na sare itacen. Sai a lokacin ya juyo, ya ce, "Nermin, zarton nawa ne, tagata kuma lambunku take kallo. Ina tsaye har lokacin da kika zauna kika huta."

Na tambaye shi me ya hana ya tsawatar min. Ya daɗe yana murza igiya a hannunsa, sannan ya ce, "Har na kama marfin tagar. Sai na tuna shekara huɗun da na yi ina jinyar matata, marigayiya Saniye. Akwai ranar da na kwashi kofunan shayin gidan nan kaf na farfasa a jikin bangon can, ɗaya bayan ɗaya, tana kwance tana ji. Sai na ce bari ta huce a kan itace, shi ai zai sake toho." Ya ƙara da cewa, "Saran bai dame ni ba. Sunana da kika miƙa ne ya ci min rai. Ni fa na ɗora ki a kafaɗa kina 'yar shekara uku kika tsinko ɓaure."

Yaya, da marina ya yi da ya fi min sauƙi. Na ce, "Mutum huɗun nan fa?" Ya ce wannan ya wuce, ba sai na tona kaina ba. Na ajiye masa hular na fito.

Amma na je. Ran Juma'a da hantsi, lokacin da shagon askin ya fi cika, na tsaya a bakin ƙofa da mayafina. Tunda nake ban taɓa taka wurin ba. Na ce, "Salamu alaikum. Wasiƙar da aka karanta a nan kan Baffa Remzi, ƙarya ce aka gaya wa mai rubutun, kuma ni na yi ƙaryar. Ni na sare itacen uwata." Mai askin ya tsaya da aska a sama, wanda ake yi wa askin rabin fuskarsa kumfa ce. Can wani tsoho mai nauyin kunne ya ce, "Me take sayarwa?" Dole na sake faɗa da ƙarfi. Na dawo gida, na san kafin la'asar har gidan burodi an ji.

Washegari da safe aka ƙwanƙwasa ƙofa. Baffa ne, burodi a hannu, hular ulunki a kansa, a wannan zafin. Inna ta dube shi ta ce, "Remzi, ka zare ne? Ko dusar ƙanƙara aka yi ban sani ba?" Ya ce, "Daga Jamus take, Yaya Zehra, can ai kullum hunturu ne." Ya zauna ya sha shayi kofi uku. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban tambaya ba.

Saura Inna. Sau uku na faɗa mata.

Na farko ina taje mata kai. Na ce, "Inna, ba ke kika kashe shi ba, ni na sare shi da zarto." Ta juyo ta zabga min mari, ban san da sauran wannan ƙarfin a jikinta ba. Ta ce, "Fita min daga gida, ɓarauniya!" Wallahi har na ji daɗin marin. Amma kafin shayi ya tafasa ta manta, da yamma ta koma kukan ita ta hana shi ruwa.

Na biyu dariya ta yi min. Ta ce, "Ke? Da waɗannan hannuwan? Ke da ko albasa ba ki iya yankawa ba."

Na uku ban ma gama maganar ba kuka ya ci ƙarfina, na kifa kaina a gwiwarta. Sai na ji hannunta a gashina. Ta ce, "Daina kuka, baiwar Allah. Ni ma ina da wata 'ya haka, Nermin. Zuciya kamar ashana, yanzu ta kama yanzu ta mutu. Amma ita ce ba ta tafi ta bar ni ba." Ban ce mata ni ce ba. Na yi lamo kawai, don kada ta ɗauke hannun.

Daga ranar na daina faɗa mata. Na gane nauyin kaina nake saukewa, ita kuma kullum sabon ciwo nake ɗora mata. Yanzu idan ta fara kukan sai in kai ta lambu in ce, "Duba, Inna, ya rayu. Kin jiƙa shi sosai a jirgin." Ta shafa ganyen ta ce, "Ashe?" Ta fara cin abinci kaɗan-kaɗan.

Sabbin rassan sun kawo min ƙirji. Baffa ya sa na bar takwas mafi ƙarfi, sauran shi ya cire da kansa don hannuna ya ƙi. Wasu baƙaƙen ƙananan ƙwari sun taru a kan tohon, muna fesa musu ruwan sabulu. Ya ce idan Allah ya kai mu baɗi zai yi fure, ko da ba kamar da ba. Ni abin da nake lissafawa ba itacen ba ne, Inna ce.

Ina sumbatar hannunki. Ki gaishe da Yaya Orhan, ki ce na gode da kiran.

Ƙanwarki,
Nermin

Bursa, 2 ga Yuni, 1995

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar kewa. Yaya jikin naki, ana ci gaba da gasa miki bayan? Yaya Yaya Orhan, yaya jarrabawar yara? Allah ya ba su sa'a. Baffa Remzi yana gaishe ki, an cire masa yanar ido ɗaya, yanzu da kansa yake karanta wasiƙunki. Ya ce rubutunki ya fi daɗi idan ba ki cikin fushi.

Har yau ɗakin yana min faɗi tun da kika koma. Mako ukun nan da kika yi da mu a hunturu, ke kina yi mata wanka ni ina barcin rana, ban san yadda zan gode miki ba. Wasiƙarki ta watan Agusta ma tana cikin Alƙur'anina. Sai dai har gobe ban yarda da abin da kika ce ba, wai ni na sare itace cikin rabin awa, ke kuwa shekara ashirin da biyu kina aiko kwali a maimakon kanki. Kada ki raba laifin nan biyu don ki rage min. Naki daban, nawa daban.

Yaya, ya yi fure.

Ran Litinin ya fara buɗewa, jiya kuma rassan nan takwas suka yi fari daga tsakiya har ƙarshe. Bai kai rabin yadda yake a da ba, amma ƙamshin yana nan yadda kika san shi. Shekara guda da wata uku ina jiran wannan rana.

Kin san tun watan Maris Inna ba ta tashi, magana ma sai jefi-jefi. Da hantsi na yi mata wanka, na sa mata rigar da kika aiko, ni da Baffa muka ɗauko ta a kan kujera muka ajiye ta a gabansa. Ta dube shi kamar yadda take duban bango. Na karyo reshe ɗaya na ɗora mata a cinya. Ta ɗauka, ta jujjuya, ta kai hanci. Sai fuskarta ta washe.

Ta ce, "Kai, daɗin ƙamshi. Mene ne sunansa?"

Na ce, "Filbahri ne, Inna."

Ta ce, "Na su wane ne?"

Na ce, "Naki ne. Ke kika kawo shi daga gidan uwarki, cikin gwangwani."

Ta girgiza kai ta miƙo min, ta ce, "A'a, ni ban taɓa samun irin wannan ba. Mayar wa masu shi, kada su yi mana faɗa."

Baffa ya juya ya shiga gyara igiyar shanya da ba abin da ya same ta. Ni kuwa na karɓi reshen na tsaya da shi a hannu.

Bara ta san shi, Yaya. Bara ta zauna a taga tana jiransa, ta fita neman sa har bayan masallaci. Wannan ce shekara ta ƙarshe da za ta gan shi ta gane shi, kuma ni na ɗauke mata ita. Ke kin yafe, Baffa yana shan shayinmu, ita kanta ba ta riƙe ni da komai ba tunda ba ta riƙe komai. Amma wannan shekarar ba mai dawo mata da ita, kuma na daina neman wanda zai ce min ba komai. Zan zauna da abina.

Na yanka dami biyu. Ɗaya na kai kabarin Baba, ɗaya na kai wa matar nan ta bayan masallaci da aka kakkarya wa nata. Reshen da Inna ta mayar kuma na sa a kofi kusa da gadonta. Ba ta tambaya ba, amma ta juya fuskarta ta wajen.

Kin ce sai Agusta za ki samu hutu. Don Allah ki roƙe su ki matso da tafiyar. Ba don furen ba, shi kafin mako biyu ya zube, baɗi kuma ya sake. Jiya ina ba ta miya na ce, "Inna, Feride tana zuwa," sai ta ɗago ido ta dubi ƙofa. Sunanki ne kaɗai ya rage mata, kuma wallahi yanzu ba na jin haushi. Ki zo tun yana nan.

Ina sumbatar hannunki da na Yaya Orhan, yara kuma idanunsu. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki mai jiranki,
Nermin